Haƙoran Irbid

A garinmu, can arewa da birnin Irbid, ba a fito da amarya don kawai dangin ango sun iso ƙofa. Sai an yi awiha. Wata dattijuwa daga dangin amarya za ta tsaya a bakin ƙofa ta jefo baiti huɗu, kowanne ta buɗe shi da "Awiha!", sannan ta rufe da guɗa. Sai wata daga dangin ango ta mayar mata nan take, da irin ƙarshen baitin da aka jefo, ita ma ta rufe da tata guɗar. In ta mayar, a buɗe ƙofa. In ta kasa, maza ne za su shiga su zauna, a ajiye musu gahawa ta huce a gabansu, su yi ta roƙo kamar ba a taɓa ba su yarinyar ba. Kuma garin nan ba ya mantuwa. Akwai gidan da har yau ake ce wa gidan bebaye, alhali kakar kakarsu ce ta sarƙe a ƙofar mutane.

Fidda matar Miflih, wadda kowa ke kira Ummu Nayif, ba ta taɓa sarƙewa ba. 'Yar ƙaramar mace ce, in ta shige cikin mata sai ka neme ta ka rasa, amma da ta buɗe baki tantabarun masallaci sai sun tashi. Sauran mata in za su yi guɗa sukan kai hannu su kare baki. Fidda kuwa hannu biyu take ɗagawa sama. Takan ce ita guɗarta daga hamata take tasowa, kuma abin da Allah ya ba ta ba na ɓoyewa ba ne. Kowa ya san da Wadha take.

Wadha, wato Ummu Hayil, ita ce ta biyu a garin, ko ta farko in a unguwarsu ka yi tambayar. Tun suna 'yan mata suke karawa a ƙofofin mutane, wannan a ciki waccan a waje, in an tashi kuma su zauna a faranti ɗaya suna kushe naman. Wadha doguwa ce, ga haƙora farare tas, ta haura saba'in ko ɗaya bai girgiza ba. Wannan ne kaɗai abin da Fidda ba ta yafe mata ba, don ita nata saura biyar, su ma kowanne ya kama gabansa.

Sai ga shi Rakan, jikan Fidda, ya ga Shuruƙ jikar Wadha ya ce shi fa ita. Rakan kuwa ba jika ba ne kawai. Ana yaye shi ubansa Nayif da uwarsa suka tafi Kuwait neman abinci, suka bar shi a cinyar Fidda. Ita ta tauna gurasa ta sa masa a baki, ita ta ja shi makaranta yana kuka tana masa waƙa. Ta yi wa 'ya'yan mutane awiha har ba ta san iyaka ba, amma wannan ce take jira. Tun kafin a sa rana take tara baitoci, tana wanke-wanke tana motsa leɓe.

Nayif ne ya jawo, kuma da kyakkyawar niyya. Ya bugo waya ya ce, "Yumma, bikin nan a bidiyo za a ɗauka, har 'yan'uwa na Jamus za su gani. Ki je Irbid a gyara miki baki, na riga na yi magana da likita."

"Me bakina ya yi maka? Ba shi ya aurar da kai ba?"

"Yumma, don Allah."

Ta je. Likita ya cire biyar ɗin nan, ya ce ta jira dasashi ya warke. Duk tsawon jiran nan Fidda ta naɗe baki da mayafi ta ce mura take, ko Miflih bai ga abin da ke ƙarƙashi ba. Ita kanta sau ɗaya ta duba madubi, ta ga bakinta ya loɓa ciki kamar na uwarta a kwanakinta na ƙarshe, ta juya madubin ya kalli bango. Ranar da aka sa mata haƙoran roba kuwa, wayyo daɗi! Daga asibiti har gida tana yi wa tagar mota murmushi. Ba ta ko sauke jaka ba ta zarce gidan Wadha, wai ta zo aron rariya.

Wadha ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Masha Allah, Ummu Nayif. Wa ya mutu ya bar miki?"

"Nawa ne, ɗana ya saya. Ba kowa ne ke da ɗa a Kuwait ba."

"Allah ya sa alheri. Kin gwada su?"

"Na ci gyaɗa da su a mota."

"Ba gyaɗa nake nufi ba," in ji Wadha, ta miƙa mata rariya tana wani ɗan murmushi. Fidda ta ɗauka hassada ce, ta dawo gida ranta fes.

Ba a daɗe ba ta gane. Wata safiya tana tsakar gida tana tsince zaitun a babban baho, sai maƙwabciya ta ƙwala ta kan katanga cewa surukarta ta sauka, namiji. Fidda ta miƙe, ta ɗaga hannu biyu, ta ja numfashi, ta saki harshe. Harshen ya bugi roba maimakon ganɗa, guɗar ta fito kamar kukan ƙofa, sai haƙoran sama suka yi tsalle suka faɗa cikin zaitun. Ta yi wuf ta ja mayafi ta rufe baki. Da ta waiga, ga Miflih zaune a kan dakali da carbinsa, kafaɗunsa suna rawa.

"Abu Nayif, in ka yi dariya wallahi ba ka cin abinci a gidan nan."

"Ni? Tari nake, Hajja." Ya share ido da gefen hiraminsa. "Amma dai sun fi ki sauri. Kafin ki ce awiha sun isa ƙofar amarya."

Ta juya masa baya, ta lalubo su cikin zaitun, ta ɗauraye ta mayar. Shi yana dariya, ita kuwa tana lissafin kwanaki. Biki ya matso, kuma Wadha ce za ta tsaya a ƙofa.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta aika aka sayo mata man manna haƙora a kantin magani. Ya riƙe su a kan nama, ya riƙe su a kan busasshen ɓaure, amma guɗar Fidda doguwa ce, kafin ta kai rabi sai ta ji saman yana zamewa. Ta riƙa zuwa can ƙarshen gonar zaitun tana gwadawa a hankali, jakin maƙwabci yana amsa mata. Wata rana a can ta cire su duka ta gwada, sai ga guɗar ta fito cikakkiya, har ta fi ta da, don babu abin da ya tare mata hanya. Ta zauna a gindin itace ta yi kuka. Muryar tana nan, fuskar ce ba za ta iya kai wa gaban mutane ba.

Miflih ya ce, "Ki sa hannu a baki mana, kamar sauran mata. In sun faɗo ki cafe."

"In zama Wadha? A bikin Rakan in tsaya ina ɓoye baki kamar mai satar dabino?"

"To ki cire su."

Ta harare shi. Shekarun da suka yi tare sun fi na Nayif yawa, amma tun da aka sa haƙoran nan sai ta kashe fitila take jefa su a kofi bayan rediyo, kuma kafin ya farka ta mayar. Ya san maganar ta fi ƙarfinsa, ya koma ga carbinsa.

Gari ya fara lura. An yi suna ba a ji ta ba. Ɗan liman ya gama jami'a, mata suka cika titi da guɗa, Fidda tana tsaye tana murmushi kamar hoton kalanda. Rakan ma ya lura. Ya shigo wata la'asar da ƙurar gini a gashinsa, don a lokacin yana ƙarasa ɗakin da ya ɗora a saman gidan, ya zauna kusa da ita ya sumbaci hannunta.

"Sitti, lafiya kike? Gidan nan ya yi shiru. Ko zagina kin daina."

"Girma na yi."

"Tun da aka sa miki waɗannan kike magana kamar mai karanta labarai. In kin yi dariya sai in ga kamar baƙuwa ce ta shigo da kayan kakata." Sannan ya ce, "In maƙogwaro ne ke damunki kada ki takura kanki. Mai kayan sautin da muka ɗauko yana da guɗa a na'urarsa. Maɓalli ɗaya zai danna, ta fito ta lasifika, har da amsa-kuwwa."

Fidda ta ajiye kofin shayi a hankali. "Guɗar wa?"

"Oho. Wata mata ce dai."

"Wata mata. Wadda ba ta san sunanka ba, ba ta taɓa share maka majina ba, ita za ta buɗe maka ƙofar amarya? Tashi ka ba ni wuri, ɗan Kuwait!"

Ya fita yana dariya, yana cewa alhamdu lillahi zagi ya dawo. Ita kuwa ta daɗe a zaune, shayin ya huce ba ta sha ba.

Ranar biki, Juma'a bayan an sauko masallaci, aka jera farantan mansaf, wato shinkafa da naman rago, maza suka naɗe hannun riga suka tsaya a kansu, ana zuba romon madara ana ƙarawa. Nayif ya iso daga Kuwait, sai nuna wa mutane bakin uwarsa yake kamar sabuwar mota. Samari suka yi wa ango wanka da aski suna tafi, suka fito da shi a kafaɗa. Mai sarewa ya kumbura kumatu, mai ganga ya biyo shi, aka ɗunguma zuwa gidan su Shuruƙ, maza a gaba mata a baya, motar mai kayan sauti tana rarrafe a gefe. Fidda tana tsakiyar mata cikin baƙar rigarta mai jan ado a ƙirji. Ta shafa man manna haƙora har ya yi yawa, bakinta sai ɗanɗanon na'ana'a yake.

A ƙofa aka tsaya. Kiɗa ya ɗauke. Wadha ta fito ta tsaya a kan matakala, mata sun cika bayanta, ta dubi taron har idonta ya sauka a kan Fidda. Sannan ta ɗaga murya:

"Awiha! Maraba da masu zuwa neman fure,
Awiha! Mun ji kiɗanku tun daga bayan ɓaure,
Awiha! Mun ga haƙora sababbi, kowanne a jere,
Awiha! Harshen fa? Ko likitan Irbid ya bar shi a ɗaure?"

Ta kai hannu baki ta rangaɗa guɗa, matan gidansu suka ɗauka. Titi ya kaure da dariya, har dangin ango, don abin ya yi daɗi ko da a kanka ya sauka. Sannan kowa ya juyo ya dubi Fidda.

Amsar tana bakin Fidda, tun Wadha ba ta rufe nata ba ta haɗa ta. Amma amsa ba guɗa ba amsa ba ce. Ta ga mai bidiyo ya matso ya saita ta. Ta ga Nayif yana gyara wuyan riga. Ta ga dattawan gidansu sun fara duban juna, irin duban masu shirin shiga su zauna a gaban gahawa. Can gefe kuma ta hango mai kayan sauti ya ɗaga yatsa a kan na'urarsa yana duban ango, yana jiran a ce masa danna. Rakan yana bisa kafaɗar abokansa. Bai dubi mai kayan sauti ba, ita yake kallo, da idon nan da yake kallonta yana yaro in ta riƙe gurasa.

"Abu Nayif!" ta kira. "Zo nan. Buɗe hannunka."

Miflih ya ratso maza ya zo. Fidda ta sa yatsu a baki, ta ɓamɓaro na sama, ta zaro na ƙasa, ta dire masa su a tafin hannu a gaban garin nan kaf. Bakinta ya loɓa, haɓarta ta taso, ta ji iska tana taɓa dasashinta. Wata yarinya ta ce "Wayyo!" Nayif ya dafe kai. Miflih ya dubi fuskar matarsa, ya daɗe yana duba, sannan ya ce a hankali, "To ai ke ce. Ina kika shiga tun kwanaki?"

Ta ɗaga hannu biyu sama.

"Awiha! Wadha, wa ya ce miki harshen Fidda yana ɗaure?
Awiha! Haƙorana na gaske a tauna wa jikana gurasa suka ƙare,
Awiha! Yau ga shi ango, kafaɗarsa ta cika zaure,
Awiha! Fito mana da 'yarku, mu da ku mun zama tare!"

Sai ta saki guɗar. Waɗanda suka ji ta har yau suna gardama a kan tsawonta. Tantabaru dai sun tashi, jakin maƙwabci ya amsa daga gona, mai sarewa ya manta ya sauke sarewarsa yana kallo. Da ta kai inda kowa ya zaci ta ƙare, sai ta ƙara hawa. Mata suka ɗauka, na waje da na ciki, ba wanda ya ƙara sanin waye dangin wa. Rakan ya diro daga kafaɗar abokansa, ya ratsa mutane da sabuwar kwat ɗinsa, ya sunkuya ya rungume ta yana kuka kamar ba ango ba.

"Kai, sake ni, za ka ɓata mini riga," in ji ta, tana kuka ita ma.

Aka buɗe ƙofa, aka fito da Shuruƙ cikin farin kaya, ana watsa mata shinkafa da alewa. A cikin turmutsutsun nan Wadha ta sauko ta kamo Fidda ta ja ta bayan ƙyaure, dariya ta hana ta tsayawa sosai.

"Allah ya shirye ki, Ummu Nayif! A gaban bidiyo? Mahaukaciya, da kin tambaye ni mana."

"In tambaye ki me?"

Wadha ta leƙa hagu da dama. Ta kai hannu baki kamar za ta yi guɗa, sannan ta ɗan karkata shi don Fidda ta ga ciki. Yatsu huɗu sun kare leɓe, babban yatsa kuwa yana ciki, ya tokare haƙoran sama. Ta janye yatsan, ta ɗan tura harshe, sai ga jerin fararen haƙoran nan sun sauko gaba ɗaya, ta mayar da su da sauri.

Fidda ta saki baki, ba ta ma tuna babu komai a ciki ba. "Ke! Tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi amaryar nan. A Sham aka yi mini, na ce wa mutane ziyarar ƙanwata na je."

"Duk shekarun nan ina cin raina a kan haƙoran roba? Kuma kina gani ina zuwa gona ina karawa da jaki, ba ki faɗa mini ba?"

"Da na faɗa miki mana. Bayan biki."

Fidda ta ɗaga hannu za ta kai mata duka, sai dariya ta ci ƙarfinta. Suka riƙe juna suna tangaɗi, har mata suka leƙo su ga ko faɗa ne.

A dandali an riga an ja layin rawar dabka, kafaɗa da kafaɗa, ƙafafu suna dukan ƙasa. Da tsofaffin biyu suka fito, sai Fidda ta ga wanda ke jan layin. Miflih ne, mutumin da kullum ke kukan gwiwa, ya karkata hiraminsa yana tsalle. Mai jan layi carbi yakan juya a sama ko hankici. Shi hankici ne a hannunsa, amma an ƙulle wani abu a ciki, yana juya shi yana ƙwas-ƙwas.

"Abu Nayif! Haƙorana! Za ka fasa mini su, tsohon banza!"

"Bar su su yi rawa, Hajja!" ya ƙwala. "Su ma an gayyace su!"

Da rana ta yi sanyi mai hoto ya tara dangi, ango da amarya a tsakiya, kakanni a gefe da gefe. Nayif ya karɓo ƙullin hankicin daga hannun ubansa, ya ɗauraye abin da ke ciki, ya kawo wa uwarsa a kofi. "Yumma, ga su. Ko don hoton nan."

Fidda ta karɓi kofin. Tana son haƙoran nan, ba ƙarya, kuma gobe da safe za ta mayar da su ta ci gyaɗarta. Ta sa yatsu a ruwan ke nan sai Rakan ya riƙe hannunta.

"Sitti, wannan hoton a ɗakina zan rataye shi," ya ce. "Ina so 'ya'yana su ga bakin da ya buɗe wa uwarsu ƙofa."

Ta dube shi, ta dubi kofin, ta miƙa wa Wadha. "Riƙe mini, ke kin saba da irinsu."

Mai hoto ya ce kowa ya yi murmushi. Fidda ba ta yi murmushi ba. Ta ɗaga hannu biyu sama, ta buɗe baki iyakar buɗewa, ta sake sakin guɗa a kunnen ango.